Littattafan Nan Sai Yaushe Za Su Hau Kanta?

Ɗan Hidima:
Assalamu alaikum. Jama'a ku gafarce ni, maganar nan ta daɗe tana ci mini rai, na ga gara in faɗe ta gaban kowa da in riƙa guna-guni a bayan ido. Yau sati shida cif da sauke mana littattafan nan da aka ba ɗakin karatunmu na unguwa. Kwali 41 ne, da hannuna na ƙirga su. Jiya da na sake dubawa, tara kawai muka buɗe, cikin taran ma biyar ne suka hau kanta. A wannan tafiyar sai mun ƙara wata biyar nan gaba. Ni saura mini wata biyu in gama bautar ƙasa in koma gida. 'Yan SS3 kullum sai sun leƙo ta taga sun tambaye ni ko an buɗe, ga WAEC a watan Mayu. Don Allah me zai hana mu taru ranar Asabar mu zazzage kwalayen gaba ɗaya, mu jera a kanta, rajista ta biyo baya?

Mai Adaidaita:
Wa alaikumus salam. Ni ina bayanka. Ni na yi jigilarsu, sawu bakwai, na san yadda aka jibge su. Kuma kar a manta kwanon ɗakin ajiya yana yoyo ta kusurwar gabas. Ruwan farko in ya sauka ya same su a ƙasa, ba sauran maganar rajista.

Anti Mai Rajista:
Wa alaikumus salam. Na san da ni ake, don haka bari in yi magana. Ƙanena, ba na zuwa ɗakin nan sai na taso daga aiki, na ɗora tukunya, na yi la'asar. Abin da ke hannuna awa biyu ne kafin magariba. A cikinsu nake goge ƙura, in buɗe littafi in duba ko shafukansa sun cika, in rubuta lambar shiga, sunan littafi, marubuci, shekara da wanda ya bayar, in buga hatimi a ciki. Ranar da jiki ya yi daɗi ina yin talatin, wata rana ashirin. Iya ƙarfina ke nan, ban ɓoye wa kowa ba.

Ranar Laraba da ka tsaya a kaina kana duba agogon waya kana cewa "Anti, har yanzu?" wallahi hannuna rawa ya kama. Lamba 212 sau biyu na rubuta ta, ban lura ba sai da na kai 230. Washegari gaba ɗaya a gyara ta tafi. Ban faɗa maka ba a lokacin don kar ranka ya ɓaci, amma na koma gida da ɗacin abin.

Ɗan Hidima:
Subhanallahi. Anti, ki yafe mini, ban san haka ta faru ba. Ba raina aikinki na yi ba. Amma ki dubi nawa uzurin: mutum ɗaya ke rubutu, mu huɗu muna zaune muna jiran abin da za ki miƙo. Ba ke ce matsalar ba, tsarin ne.

Anti Mai Rajista:
Na yafe. A kan tsari kuma ban musa maka ba.

Baba Laburare:
Salamu alaikum. Na karanta duka. Ɗana, zafin zuciyarka na alheri ne, ba wanda ya biya ka ka damu da yaran unguwar da ba taka ba. Amma bari in gaya maka abin da ya sa na hana a zazzage.

Kana nan ranar da muka ɗaga kwali na huɗu? Gindinsa ya rage a ƙasa. Gara ta shiga ta ƙasa ta gina hanyarta ta laka har tsakiyar littattafan, daga waje bango lafiya lau, kana buɗewa sai gari. Na bakwai kuma fumfuna ce, wannan baƙi-baƙin mai warin laima. Littafi ɗaya mai ƙwari in ya hau kantar katako, ka gayyato wa sauran baƙo. Manyan ɗakunan karatu sukan ƙulle irin wannan a leda su sa a firiza na kwanaki har ƙwarin da ƙwayayensu su mutu. Mu da wutar da ba ta kwana, wace firiza? Abin da muke da shi ido ne da buroshi da inuwa mai iska. Shi ya sa kowane littafi sai an buɗe shi.

Na biyu, rajista ba ado ba ce. Littafin da ya hau kanta ba lamba ba hatimi, ranar da ya fita ya fita ke nan, ba wanda zai iya cewa ma an taɓa yin sa a nan. Na yi aikin laburare sama da shekara talatin, "rajista ta biyo baya" na sha jin ta, ban taɓa ganin ta iso ba.

Na uku, ba duk abin da aka bayar ne ya kamata yaro ya ɗauka ba. Littafin taswirar da muka samu makon jiya, Najeriya a cikinsa jiha 19 ce, wato tsarin 1976. Garinmu yana cikin Jihar Kano, domin Jigawa sai 1991 aka yi ta, babban birni kuma Ikko. Tarayyar Sobiyat na nan, Sudan ƙasa ɗaya. Akwai na kimiyya da ke lissafa duniyoyi tara har da Pluto, alhali tun 2006 masana taurari suka fitar da ita daga jerin. Ba zubarwa za a yi ba, tarihi ne. Amma in ɗan JSS ya haddace ya shiga jarrabawa da shi, mu muka kayar da shi.

Mai Adaidaita:
Baba, wannan gaskiya ne. To amma yoyon fa?

Baba Laburare:
A nan kai ke da gaskiya, ni na yi sakaci. A nemo bulo da katako a ɗaga kwalayen daga ƙasa, a janye su daga jikin bango. Wannan ba ya jiran Asabar.

Ɗan Hidima:
Baba, an ce sannu ba ta hana zuwa, amma ai ba a nan maganar ta tsaya ba, an ƙara da sai dai a daɗe ba a je ba. Jarrabawa ba za ta ɗaga mana ranarta ba. Ga wata shawara: akwai manhajojin waya da ake haska wa zanen lambar da ke bayan littafi, nan take sunan littafi da marubuci su fito. Mu huɗu da wayoyi huɗu, a yini ɗaya mun wuce abin da biro zai yi a sati.

Baba Laburare:
Na san su, jikata ta nuna mini. Lambar ISBN suke karantawa, wato lambar shaidar littafi ta duniya. Ga sababbin littattafai na waje suna aiki. Amma tsarin ISBN sai wajajen 1970 ya fara yaɗuwa, kuma sai 2007 aka mayar da lambar daga 10 zuwa 13. Duk wanda aka buga kafin tsarin babu lamba sam. Na gida da ka ga lambarsu ta fara da 978-978, Hukumar Laburare ta Ƙasa ce ta ba su, amma sau da yawa ka haska wayar ta ce ba ta san shi ba. Littattafan Hausa na kasuwa da na addini da ake bugawa a Kano da Zariya kuwa, da yawansu ba lambar ma balle zanenta. Duk da haka ban hana ba. Ka gwada a kan waɗanda suke da ita, abin da ya ragu ya ragu.

Autar Zaure:
Salamu alaikum iyayena da yayyena. Ku yi haƙuri in sa baki, ina cikin masu leƙen tagar. Mu biyar ne muke karɓa-karɓa da littafin kemistiri ɗaya, kowa kwana biyu. In ya zo hannuna ranar da ba wuta, da fitilar waya nake karantawa har caji ya ƙare. Ranar da aka sauke kwalayen na hango ɗaya da ya yage ta gefe, na ga littattafan lissafi da kundin tsofaffin tambayoyi a ciki. Sati shida ke nan ina tuna kwalin nan. Ba na cewa a yi gaggawa da komai, Baba. Wannan ɗin kawai nake roƙo.

Kuma in za a ware, littattafan adabi na jarrabawa ana sauya su bayan 'yan shekaru, tsofaffin ba su cikin manhajarmu. Mu mun san waɗanda ake yi yanzu, za mu iya nunawa.

Anti Mai Rajista:
Allah sarki Auta. Me ya hana ki gaya mini tun tuni? Ni bin kwalayen nake yi yadda aka jera su, daga bakin ƙofa zuwa ciki. Ban taɓa tunanin in tsallake ba.

Malamar Firamare:
Tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, ni ma ga tawa, Baba ka yi mini afuwa. Satin farko mu goma sha huɗu muka zo. Yanzu in an samu shida an gode Allah. Kowa ya ɗauka saurin Ɗan Hidima ne kawai ke gajiyar da mutane. A'a. Ni abin da ya sa na ja baya daban ne. Na yini ina liƙa lambobi a gadon bayan littattafan yara, na dawo ranar Litinin na tarar an ɓamɓare su duka an sake, wai ban sa ɗigo da lambobin bayansa ba. Ba wanda ya kira ni ya nuna mini. Na ji kamar an ce aikina bai kai ba, sai na zauna a gida.

Ɗan sa-kai ba albashi ke riƙe shi ba. In an tsaya masa a ka zai tafi, in an warware aikinsa a bayan idonsa ma zai tafi. Kuma ɗan aji uku da ke neman littafi mai hoton zomo, me ya sani game da ɗigo? Launi yake ganewa. A ajina ja na labari ne, kore na lissafi, shuɗi na Turanci, kuma yara da kansu suke mayar da kowanne wurinsa.

Baba Laburare:
Malama, ni ne na ɓamɓare. Na yi kuskure, kuma kuskuren ba na lamba ba ne, na rashin kiranki ne. Ki yafe wa tsoho. Hannu ne ya saba. Tsarin da muka koya na Melvil Dewey ne, Ba'amurke, tun 1876. Ya kasa ilimi gida goma, daga 000 zuwa 900, kowane gida da ɗakunansa. Harshen Hausa yana 493.72, adabinsa 893.72. Mu a wurin aiki in ka bar ɗigo ɗaya sai an dawo maka da katin.

Amma da na kwana da maganar, ɗaki ɗaya mai kanta takwas ba jami'a ba ne. Gidaje goman nan sun ishe mu, ba sai an bi ɗigo ba. Na yara a bi launinki. Dama ko shi tsarin bai zauna mana daidai ba ta wani wajen: gidan addini, 200, kusan duka Kiristanci ya cinye, daga 220 har 280, Musulunci kuwa aka matse shi a 297 kaɗai. Mu kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da muka buɗe na addini ne. Gara mu jera su yadda almajiri zai nema: Alƙur'ani a kantar sama, sai tafsiri, hadisi, fiƙihu, sira, luga.

Malamar Firamare:
Ya wuce, Baba. Zan zo da maka da takardun launi.

Magajin Malam:
Assalamu alaikum. Ni ba na cika magana a nan ba, amma fiye da rabin kwalayen nan na mahaifinmu ne, Allah ya jiƙansa, don haka abin ya shafe ni ta fuska biyu. Hajiya duk Juma'a in na je gaishe ta sai ta tambaye ni, "An fara karanta littattafan Malam?" Sadaka mai gudana take nema masa, kuma littafi a kwali ba ya gudana. Duk lokacin da na ce mata tukuna, sai ta yi shiru. Saboda haka zafin da Ɗan Hidima ke ji, ni ma ina jin sa.

Amma kuma sati biyu da suka wuce Anti ta aiko mini da ambulan. A ciki akwai wasiƙar da kakanmu ya rubuta wa Malam da ajami lokacin yana kwalejin horon malamai, da wani ƙaramin hoto nasa yana saurayi wanda ko Hajiya ba ta taɓa gani ba. A tsakiyar wani littafin nahawu ta same su. Da zazzagewa aka yi, da yanzu wasiƙar tana hannun wani yaro ko tana bola. Hajiya ta riƙe hoton nan har aka kira isha'i. Ban san yadda zan auna wannan da wancan ba, na dai ga ya kamata ku sani.

Anti Mai Rajista:
Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta. Ni ma ya koyar da ni a aji biyar.

Mai Adaidaita:
Amin. Wani abu kuma da na tuna: yagaggun takardun da ake tarawa a buhu a bakin ƙofa, jiya na ga wani yaro yana ɗiba zai kai wa mai ƙosai. Na karɓe, domin na ga akwai masu ayoyi a ciki. A daina ajiye buhun a waje.

Baba Laburare:
Madalla da kai. Wannan ma yana cikin abin da ke cin lokaci, kuma dole ne. Duk fallen da ke da aya ko sunan Allah a ware shi daban, mu kai wa liman ya faɗa mana yadda za a yi da shi.

Ɗan Hidima:
Akwai abin da Baba ya rufa mini asiri a kai, ya kamata in faɗa da bakina. Sati na uku na zo da sassafe ni kaɗai, na ce bari in rage aiki kafin a iso. Na kifar da wani kwali a tabarma. Ashe a ciki akwai gafaka, bakinta a buɗe. Warƙoƙi suka tarwatse, rubutun hannu na tawada, ba ɗinki ba lambar shafi. Na tattara su yadda na ga dama na cusa cikin tadarishin, wato bangon fatar da ke riƙe su, har na ɗauko salatif zan liƙe wata da ta yage, sai ga Baba ya shigo. Bai yi mini faɗa ba. Ya dai karɓi salatif ɗin ya sa a aljihu.

Tun ranar nake jin nauyinsa, kuma ina ganin shi ya ƙara mini ƙagara: ina so in ga an gama wani abu mai kyau da hannuna kafin in tafi, ya shafe wancan.

Baba Laburare:
Ɗana, ba ka ɓata abin da ba ya gyaruwa ba. Magabata sun san warƙa tana iya tarwatsewa, shi ya sa mai kwafe littafi yake rubuta kalma ɗaya a can ƙasan warƙa, ita ce kalmar farko ta warƙar da ke biye. Da ita na bi su ɗaya bayan ɗaya, dare uku bayan isha'i. Littafin fiƙihu ne, da sharhin Hausa da ajami a gefe-gefe. Sun koma daidai, sai wuri biyu da kalmar ba ta haɗu da ta gaba ba, wato warƙa biyu ba su nan. Mai yiwuwa tun a gidan Malam suka rabu, mai yiwuwa suna wani kwalin.

Salatif kuwa na karɓe ne don gam ɗinsa yana shiga takarda, bayan shekaru ya zama ruwan ƙasa ya ci tawadar. Yagewa ta fi shi sauƙi. Irin wannan ba na kantar aro ba ne. In magada sun yarda, a ɗauki hoton kowace warƙa, sannan a nemi shawarar masu adana rubuce-rubucen hannu, kamar Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda tun 1970 wannan yana cikin aikinsa. Haka ƙananan littattafan Yaƙi da Jahilci da hukumar adabi ta Arewa, NORLA, ta buga a Zariya a shekarun 1950, da tsofaffin jaridun Gaskiya Ta Fi Kwabo da na gani a ɗaure da zare. Jaridar nan tun 1939 aka fara ta, takardarta in ta tsufa kamar busasshen ganye take. Waɗannan ni zan zauna da su, kuma kar wanda ya tambaye ni yaushe zan gama.

Magajin Malam:
Hoto kam mun yarda. Maganar kai su wani wuri sai na shawarci Hajiya da yayyena.

Shugaban Zaure:
Alhamdu lillahi, na bar ku ne kowa ya amayar da abin da ke cikinsa. Ga abin da na tsinta, wanda bai yarda ba ya yi magana. Gobe bayan la'asar a ɗaga kwalaye kan bulo, ni zan kawo katako. Asabar a buɗe bakin kowane kwali a leƙa, ba zazzagewa ba, a rubuta a jikinsa abin da ke ciki. Na makaranta su fito gaba. Ɗan Hidima da Auta da ƙawayenta su duba ƙwari da fumfuna a waje, da takunkumi a fuska, su ware na manhajar yanzu. Waɗannan lamba da suna da hatimi kawai za a yi musu a wani littafin rajista na biyu, su hau kanta a ranar. Anti ta ci gaba da babbar rajista yadda ta saba, ba mai tsaya mata a ka.

Anti Mai Rajista:
Na yarda, da sharaɗi ɗaya. Rajista ta biyu ta fara daga lamba 2001, don kar lambobinmu su yi karo. Kuma a rubuta da biro, ba fensir ba.

Baba Laburare:
Kuma a wata na farko a karanta a ɗaki, ba aro zuwa gida, har mu ga yadda abin zai zauna.

Autar Zaure:
Baba, ɗakin ana rufe shi da magariba, mu kuma sai mun taso daga darasin yamma. Ko kwana ɗaya-ɗaya ne a ba mu mana, mu sa hannu.

Baba Laburare:
To. 'Yan SS3 kaɗai, kwana biyu, kuma Malama ce za ta riƙe littafin sa hannun.

Ɗan Hidima:
Na gode. Gaskiya har yanzu raina bai so ba da zan tafi ban ga kanta takwas ɗin nan a cike ba, ba zan ɓoye ba. Amma in na ga su Auta zaune da littafi kafin Mayu, na samu abin faɗa a gida. Anti, in kin yarda ranar Laraba in zauna kusa da ke ina karanto miki suna da shekara kina rubutawa. Wayar a aljihu zan bar ta.

Anti Mai Rajista:
Ka zo. Ka taho da jan biro guda biyu, nawa ya kusa ƙarewa.

Mai Adaidaita:
Bulo ashirin zai isa? Akwai ragowar gini a gidan maƙwabcina, ya ce in ɗiba.

Shugaban Zaure:
Ka ƙaro goma.

Baba Laburare:
Masu leƙa kwalaye ranar Asabar, don Allah ku sa ido. Duk wanda ya ga warƙa mai rubutun tawada baƙa da ja, faɗinta kamar tafin hannu biyu, kar ya ninke ta, kar ya goge ta da tsumma. Ya sa ta tsakanin fararen takardu biyu ya kira ni. Kwalayen da aka ɗaure da igiyar rama nake zato, su ne suka fito daga ɗakin Malam na zaure.